Kuɗin gyaran hanya: a ware masa asusunsa, ko a bar shi a tukunya ɗaya?

Malam Sabo Mai Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da ƙorafi na zo, amma akwai tambaya a gindinsa. Ranar Talata ina dawowa daga kasuwar ƙauye bayan magariba na afka wani rami da ruwan sama ya rufe. Taya ta fashe, wili ya lanƙwashe, shokazoba ɗaya ta tafi. Abin da ya fi ci mini rai, ramin nan na san shi tun yana kamar faranti. Bara war haka bokiti biyu na kwalta sun ishe shi. Yanzu akuya za ta kwanta a ciki ba ka gan ta ba, har yaran garin sun samu sana'a, suna zuba ƙasa suna miƙo hannu. Kuma hanyar ba ta cika shekara shida da buɗewa ba, ni ma ina wurin aka sha kiɗa. To muna da mutane a Gana da Nijar da Amurka a zauren nan. Don Allah, a wajenku wa ke biyan kuɗin faci? Daga wane aljihu yake fitowa?

Garba Mai Shayi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma Malam Sabo, faci ai ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyato masa maroƙa. Wa ka taɓa ji ya ci zaɓe don ya yashe kwalbati?

Baba Injiniya:
Garba cikin raha ya faɗi rabin maganar. Bari in ƙara ɗaya rabin, ku yi mini haƙuri idan na ja da tsawo, tsufa ne.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san hanya ko bai karanta injiniya ba. Soro yana shekara hamsin idan ana yaɓe shi kafin damina ana gyara indararo. Ka bar shi damina uku, sai dai a kwashe ƙasa. Kwalta rufi ce kawai, ƙarfin hanya yana ƙarƙashinta, a jar ƙasa da tsakuwar da aka daddage da rola. Da zarar ruwa ya samu tsaga ya shiga, ƙasan ya yi laushi, kowace mota ta bi sai ta ɗebi rabonta. Shi ya sa aikin hanya kala uku ne. Na kullum, wato yanke ciyawa, yashe magudanan ruwa, toshe tsaga, faci. Na bayan wasu shekaru, a sake shimfiɗa kwalta siririya a kai tun ƙasan bai lalace ba. Sai na uku, a tone komai a sake daga tushe, wanda kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa. Mu kuma na ukun muka fi ƙauna.

Lokacin da na fara aiki, kowane yanki na hanya yana da leburorinsa da barikinsu a gefen titi, da baro da shebur da garwar kwalta. Ba su da wani kwarjini, amma rami ba ya kwana bakwai. Daga baya kuɗin ya koma sai an jira kasafi. In rubuta buƙata a watan Janairu, kuɗin ya fito a Oktoba, damina ta gama ɓarnarta, kuma kashi ɗaya cikin uku aka sako. Na taɓa riƙe gireda biyu wata biyar ba gas.

Ba mu kaɗai ke da cutar ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya ya duba ya ga hanyoyin da ya ba da bashi aka gina a Afirka suna narkewa kafin a gama biyan bashin. Daga nan aka fito da shawarar asusun hanya. A ɗauki hanya kamar lantarki ko ruwan famfo, mai amfani da ita ya biya. A ɗora 'yan kwabbai a kan kowace litar mai, kuɗin ya wuce kai tsaye zuwa asusun ba tare da ya biya ta baitulmali ba, a sa masu motocin haya da 'yan kasuwa a cikin masu kula da shi, a riƙa binciken littattafansa duk shekara, kuma mai riƙe kuɗi dabam, mai ba da kwangila dabam. Gana, Kenya, Habasha, Tanzaniya, Kamaru, duk sun bi wannan hanya, kowa da irin tafiyarsa.

Mu ma a Najeriya a takarda muna da shi. An kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, a 2002. A 2007 aka gyara dokarta aka ce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin litar fetur da gas na gyaran hanya ne, kashi 40 na abin da aka tara ya je FERMA, kashi 60 ya je hukumomin gyaran hanya na jihohi. Malam Sabo, da an aiwatar da wannan, cikin kashi 60 ɗin nan kuɗin raminka yake. Ba a aiwatar ba.

Hajiya Ladi Kumasi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tunda kun ambaci Gana bari in sa baki, kada a ɗauka mu a aljanna muke. Asusun hanyarmu tsoho ne, tun 1985, aka yi masa doka sosai a 1997. A lokacin kuɗin mai yana shiga, kuɗin rajistar mota yana shiga, da na shingen hanya. Amma a 2017 gwamnati ta kawo dokar da ta ƙayyade abin da irin waɗannan asusu za su riƙe, rarar ta koma babbar tukunya. Ga shi an riƙa cin bashi da sunan asusun ana fara sababbin hanyoyi. Sai ya zama kuɗin faci yana tafiya biyan bashi, 'yan kwangila suna ta kukan ba a biya su ba.

Sannan a Nuwamban 2021 aka wayi gari an daina karɓar kuɗin shinge a duk ƙasar. Direbobi suka yi murna. Ni kuwa matan da ke tallar burodi da soyayyar ayaba a bakin shingayen na tuna, da naƙasassun da aka ɗauka aikin yankan tikiti. Kwana ɗaya abincinsu ya tafi. Ba a jima ba kuma aka dawo ana maganar a maido da shi. Babbar hanyar Akra zuwa Tema da Nkrumah ya buɗe a 1965, ta kankare, ta yi shekara sama da hamsin tana ɗaukar kayan tashar jirgin ruwa, an sha karɓar kuɗi a kanta, amma ku tambayi duk wanda ya bi ta kafin a fara sake ta yadda bayansa ya ji.

Dakta Rabi:
Hajiya kin hutar da ni, don abin da zan faɗa ke nan. Baba, da girmanku, ni ban yarda da asusun nan ba, kuma ba don mu baƙaƙen fata ne ba mu iya riƙo ba. Ingila ta yi asusun hanya tun 1920. Wa ya fara ɗibarsa? Churchill, yana ministan kuɗi, a 1926. Zuwa 1937 an daina ware kuɗin gaba ɗaya, harajin mota ya koma baitulmali kamar kowane haraji. Japan ta shafe sama da shekara hamsin tana keɓe harajin mai don hanya, a 2009 ta soke. Duk ministan kuɗin da ya ga albashi ya gagara, ga kuɗi jibge a wani asusu, zai kai hannu, ko a Landan yake ko a Akra. Kuma ba lallai ɓarawo ne ba. Idan kwalara ta ɓarke, ko malamai sun yi wata uku ba albashi, za ka ce masa kada ya taɓa don na kwalbati ne?

Na biyu, wa zai biya? A ƙasar da ake da wuta, mai sayen fetur mai mota ne. A nan fa? Mai janareto a shagon aski, mai injin ban ruwa a fadama, mai markaɗe. Ba su taka kwalta ba za su biya kuɗin kwalta. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wane ne zai tsaya a gaban mai Keke Napep ya ce a ƙara kashi 5?

Baba Injiniya:
'Yata, tambayarki ta biyu tana da nauyi, zan dawo kanta. Ta farko kuwa, Ingila da Japan sun rushe asusun ne bayan sun gina hanyoyin sun kuma gina ɗabi'ar kula da su. Yau a Ingila kamfanin gwamnati ne ke riƙe manyan hanyoyi tun 2015, kuma ana tsara masa kuɗin shekara biyar-biyar ne, ya san abin da zai samu kafin ya fara. Ki ba ni kuɗin shekara biyar da ba za a taɓa ba, ni ma na yafe asusun. Mai ƙafa lafiyayya ne ke yar da sanda.

Dakta Rabi:
To ai kun dawo kan maganata, Baba. Alkawari ne ke aiki. Gwamnatin da ba ta cika alkawarin kasafi ba, sunan asusu ba zai ba ta kunya ba. Dokar 2007 da kuka kawo ita ce shaidata.

Nura Kolambas:
Salamu alaikum manya. Yanzu na tsaya shan mai na ga zaure ya ɗau zafi. Ni babbar mota nake ja a Amurka, kuma abin da zan faɗa kowa zai samu rabonsa, Baba da Anti Rabi.

Nan suna da asusun hanya na tarayya tun 1956, zamanin Eisenhower, da shi aka gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi. Tarayya ta biya kashi 90, jiha ta biya 10, amma hanyar ta jiha ce, ita ke kula da ita. Harajin tarayya a galan ɗin fetur santi 18.4 ne, na gas 24.4. Abin dariyar, tun 1993 ba a ƙara ko santi ɗaya ba, don ba ɗan majalisar da ke son a ce shi ya ƙara kuɗin mai. Kaya sun yi tsada, motoci sun rage shan mai, ga masu lantarki da ba sa sayen ko ɗigo. Tun 2008 sai an riƙa ɗebo kuɗi daga baitulmali ana cika asusun. Wato nan ba satarsa aka yi ba, yunwa aka bar shi da ita.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne sikeli. Mota da kayanta kada ta wuce fam 80,000, wajen tan 36 ke nan, sai da izini na musamman. Kana cikin tafiya fitila za ta nuna maka ka ratse a auna ka. Ka wuce nauyi, tara ce, kuma ana iya tsayar da kai har sai an rage kayan. Wallahi da na fara gaya wa abokaina na gida tan nawa nake ɗauka dariya suka yi, suka ce ai wannan lodin yara ne.

Ɗan'asabe Tirela:
Lodin yara ne mana! Nura kai dala kake ci, ni da tan 36 ko kuɗin gas ba zan fitar ba.

Na ga an fara karkato maganar kanmu, to bari in yi bayani tun kafin a rataye mu. A ƙasashen sefa akwai doka ta 14 ta UEMOA, ƙungiyarsu ta tattalin arziki a Afirka ta Yamma, tun 2005. Aksul ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, kada ya wuce tan 11.5, tirela mai aksul shida kada ta wuce tan 51 duka-duka. Na san ta kamar sunana. Amma mai kaya a tasha da tan yake biya. Daga Lome zuwa Yamai shinge nawa ne, kowanne da abin da za ka ajiye? Dawowa kuma sau da yawa wayam kake dawowa. Idan ban ɗora tan 70 ba, na bayana a layi zai ɗora, shi za a ba lodin. Sikelin ma, a wasu wuraren ba ya auna mota, aljihu yake aunawa. Ka biya ka wuce da kayanka yadda suke. To hanyar ta san ka biya?

Baba Injiniya:
Ɗan'asabe, tambayarka ta ƙarshe ta fi duk abin da na rubuto. Hanya ba ta san ka biya ba. Tara ba ta rage nauyi, sauke kaya ne ke ragewa.

Ga abin da ya sa nake damuwa da ku. Tsakanin 1958 da 1960 a jihar Illinois ta Amurka aka shimfiɗa hanyoyin gwaji, aka sa sojoji suna ta zagaya su da motoci masu nauyi iri-iri har suka farfashe. Abin da aka gano har yau da shi muke lissafi. Idan ka ninka nauyin da ke kan aksul sau biyu, ɓarnar ba sau biyu take ƙaruwa ba, wajen sau 16 ne. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Don haka ƙaramar motar Malam Sabo, ko dubu nawa ne suka wuce, hanya kusan ba ta ji su ba. Tirela ɗaya mai obalodi ta fi su duka. Mukan zana hanya ta yi shekara ashirin bisa nauyin doka, ku cinye ta a shida.

A nan ne zan amsa wa Dakta maganar mai janareto. Gaskiya gare ta, harajin lita ba ya bin ɓarna sosai. Shi ya sa New Zealand tun ƙarshen shekarun 1970 motocin gas ba a famfo suke biyan kuɗin hanya ba. Lasisin tafiya suke saye, kilomita dubu-dubu, farashin kuma ya danganta da nauyin mota da yawan aksul. Jamus ta fara karɓar kuɗin kilomita daga manyan motoci a 2005, Suwizalan ta riga ta a 2001. Wanda ya fi ci shi ya fi biya.

Ɗan'asabe Tirela:
Baba na ji, amma duk abin da kuka ɗora mini a kan buhun shinkafa zai sauka. Ni ba daga aljihuna zan biya ba. Kuma in ana son gaskiya a kama mai lodin, a tashar jirgin ruwa da bakin masana'antar siminti. Dokar ta 14 ma ta ce manyan wuraren lodi su ajiye sikelinsu. Mota ba ta ƙara nauyi a hanya, da nauyinta ta fito daga get. Amma direba ne marar gata, shi ake tarewa a daji.

Garba Mai Shayi:
Ɗan'asabe ya zama lauya. Allah ya sa ba kana tuƙi kana rubutun nan ba.

Ɗan'asabe Tirela:
Kwana biyu ke nan ina layi, Garba. Lokaci ne da ni har na sayarwa.

Lawali Maraɗi:
Barkanku da hira. Mu a Nijar mun daɗe da namu asusun, CAFER tun 1999, a 2017 aka maye shi da FER, aka kuma yi wata hukuma dabam, AMODER, mai ba da aikin gyara. Tsarin da Baba ya zana ke nan, mai kuɗi dabam mai aiki dabam. Kana fita gari za ka tarar da igiya, ka biya a ba ka tikiti, kuma mutane sun saba, ba a faɗa a kai.

Matsalarmu lissafi ce. Ƙasa ce mai faɗi, motoci kaɗan. Hanya ta ɗaya, daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Diffa, ta haura kilomita 1,300. Motocin da ke bin gabashinta a yini ba su kai waɗanda ke bin Kano zuwa Zariya kafin azahar ba, amma rana da rairayi da ruwa ba sa yi mata ragi don ba ta da ciniki. Ku dubi hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka yi a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin kamfanonin yuraniyom. Sabuwa fil abin alfahari ce. Aka bar ta har direbobi suka gwammace su sauka su bi rairayin gefenta. Arzikin ƙasa duka ta kanta ya wuce, kuɗin kula da ita ya gagara. Shi ya sa manyan gyare-gyarenmu kusan kullum sai da hannun masu ba da bashi da tallafi daga waje. Kuma abin takaici, sun fi saurin ba ka kuɗin sake ginawa a kan kuɗin yashe magudana.

Dakta Rabi:
Wannan jimla ta ƙarshe, Malam Lawali, a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Idan ka san in hanya ta mutu za a ba ka bashi mai sauƙi ka sake ta, amma faci daga aljihunka ne, to an koya maka ka bar ta ta mutu.

Malam Sabo Mai Atamfa:
Jama'a na ƙaru ƙwarai, amma ni fa har yanzu ban san ƙofar da zan buga ba. Na je sakatariyar ƙaramar hukuma aka ce hanyar jiha ce. Wani a jiha ya ce mini asalinta ta tarayya ce, gwamna ne ya yi ta don taimako. To ramin na wa ne?

Baba Injiniya:
Maraya ne, Malam Sabo. Hanyoyin Najeriya sun kusa kilomita 200,000. Na tarayya wajen 35,000 ne kawai, sai na jihohi, mafi yawa kuwa na ƙananan hukumomi ne, waɗanda suka fi kowa talauci, wasunsu ko injiniya ɗaya ƙwararre ba su da shi. Gwamna yakan gyara hanyar tarayya don mutanensa ke wahala, ya zauna jiran a biya shi shekara da shekaru. Kafin nan wa zai yi faci? Tarayya ta ce ba ni na yi ba, jiha ta ce ba tawa ba ce.

Kenya ta yi ƙoƙarin raba gardamar a 2007. Hukuma uku, KeNHA ta manyan hanyoyi, KURA ta cikin birane, KeRRA ta karkara, ga hukumar da ke riƙe kuɗin harajin mai tana raba musu bisa kason da doka ta yanka. Harajin ya daɗe a shilin 18 kan lita, a Yulin 2024 aka kai shi 25.

Dakta Rabi:
Sai kuma aka jinginar da ƙarin aka ciwo bashi don biyan 'yan kwangilar da ke bin gwamnati. Labarin Hajiya Ladi ne ya sake riga. Ga gwamnonin yankunansu suna ta ja da gwamnatin tsakiya kan kasonsu. Kuma kowace sabuwar hukuma da shugabanta da motocinsa da ginin ofis. Mu nan mun ga DFRRI, hukumar hanyoyi da raya karkara, zamanin Babangida, mun ga PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, zamanin Abacha. PTF ta yi hanyoyi, ba na musu, har yau akwai allunanta. Da aka rushe ta a 1999 wa ya gaji kula da su?

Ummi a Indiya:
Salam iyayena, ni ɗaliba ce, ba fannina ba ne, amma abu ɗaya na gani da idona. Akwai shirin hanyoyin karkara da Indiya ta fara a Disambar 2000 zamanin firaminista Vajpayee. Ɗan kwangilar da ya gina hanya shi zai kula da ita shekara biyar, a cikin kwangilar yake tun farko. A bakin ƙauyen ƙawata akwai allo da tsawon hanyar da kuɗinta da sunan wanda ya yi da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Babanta ya ce in rami ya fito sun san wanda za su kira. Ba wai hanyoyinsu duka lafiya ba ne, a'a, amma wannan ya burge ni.

Baba Injiniya:
Allah ya yi miki albarka, jikata. Mutumin da ya san shi zai yi faci da kuɗinsa ba ya satar kaurin kwalta. Ajantina ta yi irin wannan tun wajen 1997, kwangilar gyara da kulawa a haɗe ta shekara biyar, kuma ba a biyanka don yawan kwaltar da ka zuba, sai don yanayin da aka tarar da hanya. Mai duba aiki ya zo ya ga rami, a yanke maka. A tsarinmu kuwa yawan rami yawan ciniki.

Garba Mai Shayi:
To ni ba boko gare ni ba, amma ina ganin allunan Sukuk a hanya, ina kuma jin an ce Dangote na yin titi a madadin haraji. Wannan ba kuɗi ba ne? Sannan me ya sa ba za a maido da tolget ba kowa ya huta?

Dakta Rabi:
Kuɗi ne, Malam Garba. Sukuk bashi ne marar ruwa da gwamnati ke karɓa daga jama'a, na farko a 2017 naira biliyan 100 ne, aka raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, kuma alherinsa shi ne kuɗin a ɗaure yake da aikin, ba a karkatar da shi. Na harajin kuma umarnin shugaban ƙasa ne na 2019, kamfani ya gina hanya a cire masa daga harajin da zai biya, kamar hanyar kankare ta Obajana zuwa Kabba. Sai dai kamfani hanyar da motocinsa ke bi zai fi zaɓa, kuma harajin da bai shiga baitulmali ba an rage wa asibiti ne ba tare da majalisa ta zauna a kai ba. Amma ka lura, duka biyun kuɗin gini ne. Ba ko ɗaya da ke sayen bokitin kwaltar Malam Sabo.

Tolget kuwa muna da shi har Obasanjo ya sa aka rushe a ƙarshen 2003, bisa cewa abin da ke isa gwamnati bai taka kara ya karya ba. Aka ce za a maye shi da harajin naira ɗaya da sule biyar a lita, ƙungiyar ƙwadago ta tashi tsaye, aka janye. Aka rasa tsuntsu aka rasa tarko. Kuma tolget ba ya aiki sai inda motoci suka yi yawa. Abuja zuwa Kano zai iya, in an gama ta, don tun Disambar 2017 aka ba da kwangilar. Hanyar kasuwar ƙauye ko albashin mai yankan tikiti ba za ta fitar ba. Ko inda motocin suke ma sai mutane sun yarda. Afirka ta Kudu ta kafa na'urorin karɓar kuɗi a hanyoyin Johannesburg a Disambar 2013, jama'a suka ƙi biya, aka yi ta ja har gwamnati ta kashe su a Afrilun 2024, bashin ya dawo kan baitulmali.

Hajiya Ladi Kumasi:
Dakta, kin rushe asusu, kin rushe tolget, kin rushe hukuma. To ke me kika kawo? A kasuwa in ka ce kayan wani ba kyau sai ka buɗe naka.

Dakta Rabi:
Hajiya kin kama ni. Nawa ba shi da daɗin ji. A hana fara sabuwar hanya sai an nuna kuɗin kula da waɗanda ke ƙasa, a kuma wallafa duk wata abin da aka saki da hanyar da aka kashe shi a kai. In an yi haka ko a tukunya ɗaya ne ya isa.

Baba Injiniya:
Wane gwamna ne zai sa hannu a dokar da ta hana shi yanka ƙyalle, 'yata? Naki ya fi nawa wuya. Ni dai na ga bambanci da idona. Ƙasashen da ke da asusun, duk da ana ɗibarsa, injiniyansu ya san wani abu zai shigo kowane wata, yana iya ba ƙaramin ɗan kwangila yankan ciyawa da yashe kwalbati tun watan Afrilu. Rabin kuɗi a kan kari ya fi mini cikakke bayan damina. Kuma in an ɗiba daga asusu ana gani, har Hajiya a Kumasi ta san shekarar da aka yi. Wanda ba a saka a kasafi ba wa zai ce an sace?

Dakta Rabi:
Wannan na ba ku, Baba. Amma ba a kan fetur ba. In za a yi, a fara da manyan motoci da sikeli a bakin masana'anta.

Ɗan'asabe Tirela:
Kun gani ko? An zaga an zaga an dawo kaina. To na yarda, da sharaɗi. A cire shingayen da ba na doka ba tsakanin tasha da inda zan sauke, ni kuma in ɗauki tan 51 in biya kuɗin kilomita da rasit. Wanda zai iya wannan ya zo mu yi magana. Layi ya motsa, sai anjima.

Lawali Maraɗi:
Allah ya kiyaye hanya, Ɗan'asabe. Malam Sabo, in ka shigo Maraɗi ta Ɗan Isa ka neme ni, akwai mai kayan mota a nan da shokazobarsa ke da dama.

Malam Sabo Mai Atamfa:
Na gode Malam Lawali, bakanike ya riga ya samo 'yar Kwatano. Baba, in na ɗauko hoton ramin da tsayinsa da faɗinsa, za ku taimaka mini da rubuta takarda? Zan yi kwafi uku in kai wa dukkansu, wanda ya ji kunya ya ɗauka.

Baba Injiniya:
Turo. Ka auna zurfinsa da sanda, ka kuma ɗauko mini kwalbatin da ke kusa da shi ta ɓangaren da ruwa ke shiga. Ina zargin a toshe yake.